Ƙasar da ke Takalmin Dursaf

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan magariba

Akwai ƙasa a takalmin Dursaf, kuma ba ƙasar ɗakin aikinta ba ce.

Ba bincike na yi ba. Na dawo ne daga garin Nabul, inda nake kai akwatunan abin da muka tono duk Alhamis, na sunkuya zan cire nawa takalmin a bakin ƙofa, sai idona ya faɗa kan nata. Kusan shekara ashirin ina karanta ƙasa, da ita nake ci, kuma mutum ba ya ajiye idonsa a wurin aiki. Ƙasa ce mai duhu, cike da ɓarɓashin katantanwar teku. A duk filin da muke tono rami ɗaya ne ke da irinta, ramin bakin ruwa, inda mutanen tsohuwar daular Kartaj suka yi marinarsu suna farfasa katantanwa don fitar da jan rinin nan da duniya ta san su da shi. Ramin abokin aikina Haikal ke nan.

Matata ba ta da abin yi a ramin Haikal. Aikinta a inuwa yake, a ɗakin ajiya, ita da tulunanta.

Ta dafa shakshuka, na ci. Na ce ya aiki, ta ce lafiya. Ta ce ya hanya, na ce lafiya. Tun watan Janairu lafiya muke.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Tare muka yi jami'a da Haikal a Tunis, lokacin bai san bambancin kaskon Rumawa da na kakarsa ba. Ya tafi Italiya ya dawo da gyale a wuya da wata 'yar tukunyar kofi da yake lallaɓawa a jaka. Yanzu leburori har rige-rigen zuwa raminsa suke yi, wai shi yana da fara'a. Ni nake duba musu kowane shimfiɗin ƙasa, ni nake hana su kwaɓa aikin, amma ni ne Si Mundir mai ɗaure fuska.

Yau a karin kumallo, a gindin bishiyar harrub, muna dangwalar burodi a yajin harisa da man zaitun, Balgasim shugaban leburori ya ce wa Haikal ya kamata ya yi aure kafin shi ma a tono shi a saka a gilashi. Haikal ya ce wace mace ce za ta auri mutumin da ke warin kifin da ya ruɓe tun kafin Annabi Isa.

Dursaf ta yi dariya. Ba murmushi ba, dariya, har da rufe baki da bayan hannu yadda take yi da.

Na manta tana da wannan dariyar. Ni na kasa fito da ita wata takwas, shi ya fito da ita da zancen ruɓaɓɓen kifi.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan la'asar

An sake tayar da gardamar tulunan.

A gefen arewa muka same su bara, ƙananan tuluna jere a ƙarƙashin duwatsu masu rubutu, kowanne da toka da ƙasusuwan jariri a ciki. Rumawa da Girkawa sun rubuta cewa kakanninmu 'ya'yansu suke ƙonawa da rai don allolinsu. Haikal ya ce ƙaryar maƙiyi ce: ka rushe wa mutane gari, ka ƙone littattafansu, sannan kai ne za ka ba duniya labarinsu? A wurinsa maƙabartar jarirai ce kawai, waɗanda suka zo babu rai ko suka koma da wuri, iyaye suka ware musu wuri na daban. Na ce rubutun kan duwatsun bakance yake cewa, kuma ba a yi wa allah bakancen gawa. Gaskiya ban damu da wannan magana haka ba. Don shi ya tsaya a can ne na tsaya a nan.

Wadda za ta raba gardamar tana zaune tana ɓare lemo. Aikin Dursaf ke nan: tana tace tokar, ta tsinci 'yan haƙoran da ba su kai ga fitowa ba, ta duba su a ƙarƙashin madubi. Akwai wani siririn layi da ke fita a haƙorin jariri idan ya zo duniya ya ɗan rayu. Idan babu layin, bai sha iska ba.

Shugabar aikin ta so ta ɗauke ta daga wannan ɗakin da ta dawo daga hutun asibiti, ta mai da ita kan tukwane. Dursaf ta ƙi. Ni ma na ce ta bari, ta kalle ni kamar da wani yare na yi magana.

Balgasim ya ce, "Lalla Dursaf, ki faɗa mana, kakannin nan namu mutanen kirki ne ko kuwa in daina fariya da su a gidan shayi?"

Ta ce yawancin waɗanda ta duba babu layi. Sannan ta ce, "Ko ba komai, kowanne an kafa masa dutse. Uwarsa ta san inda za ta tsaya."

Haikal ya sunkuyar da kai. Me ya sa shi ne zai sunkuyar da kai?

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Ƙasar dai. Na kankare kaɗan a 'yar leda na rubuta kwanan wata.

Juma'a, 20 ga Satumba, kafin masallaci

Na zuba ta a farar takarda na duba da madubi. Katantanwar rini ce, fasasshiya ta gefe ɗaya yadda marinan da suke fasa ta. Babu tantama. Akwai wasu 'yan fararen ɓawo a ciki, farar ƙasa irin ta shafe, amma wannan ba abin mamaki ba ne, kwamin marinar duk shafaffu ne.

Namijin da ya san abin da yake yi ba ya zama yana duba dattin takalmin matarsa da madubi. Na san haka. Na mai da ledar cikin aljihun jakata.

Lahadi, 22 ga Satumba, da hantsi

Ummi, mahaifiyata, ta kira daga ƙauye. Ta tambayi ƙafata, ta tambayi ko ina cin abinci, sannan ta sauke murya ta tambayi ko Dursaf “ta warware”. Na ce ta warware, har dariya take yi.

Ta ce to alhamdulillahi, ai ta faɗa mini. Ta maimaita abin da ta ce a barandar asibiti ranar, lokacin Dursaf ba ta farfaɗo daga allurar barci ba: abin da bai yi kuka ba ba a raɗa masa suna, ba a yi masa salla, maza su kai shi da wuri, kuma ba a nuna wa uwa wurin. Macen da ta ga wurin zuciyarta can take zama, cikinta ya rufe. Haka aka yi wa ita Ummin sau biyu kafin ni, ga ta nan da ranta.

Dursaf ta roƙe ni sau biyu da bazara in nuna mata wurin. Na ce sai ta ƙara ƙarfi. Daga baya ta daina tambaya, na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Abin da na zauna rubutawa shi ne ta sayi sabon ɗankwali, shuɗi, kuma ba ta nuna mini ba.

Talata, 24 ga Satumba, lokacin hutun rana

Na ce wa Haikal motata ta ƙi tashi, ya rage mini hanya zuwa Kalibiya. Lafiyar motata ƙalau.

Shimfiɗar ƙafa ta gefen mai zaman banza cike take da ƙasar. An ja kujerar gaba sosai, daidai mace mai gajerun ƙafafu, sai da na tura ta baya. A bayan motar akwai jarkar ruwa babba, babu komai a ciki amma bakinta da danshi. Wato har da ruwan wanke ƙafa ake tafiya. Mutum mai tsari.

Duk hanya yana ba ni labarin wani tulun mai da ya samu da hatimin Sardiniya, wai ya nuna mutanen nan sun ɗinke tekun nan gaba ɗaya da jiragensu tun kafin Rum ta san kanta. Ni ina kallon hannunsa a kan sitiyari. Da zai sauke ni ya ce, "Mundir, ɗan'uwa, wani lokacin ka riƙa barin zuwa Nabul ɗin nan. Balgasim ma zai iya kai akwatunan."

Na ce na gode da shawara. Ji ƙarfin hali, yana gwada ni ya ji ko na farga.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Leda ta biyu. Idon Dursaf ya yi ja, ta ce ƙurar rariya ce.

Asabar, 28 ga Satumba, da safe

Ba wai ina ganin ya fi ni kyau ba ne. Tumbi gare shi. Abin da ke cina shi ne yadda take sakin kafaɗa idan yana kusa. A gida tana wucewa ta gaban ƙaramin ɗakin da muka rufe a tsaye ƙyam, ni ma haka, kamar masu gadi biyu da ba sa ga maciji. A filin aiki kuwa ya miƙa mata kofi, ta karɓa ba ta ko kalle shi ba. Wanda ka saba da shi ne kake karɓar abu daga hannunsa ba ka kalle shi ba.

Ni idan na miƙa mata abu sai ta ce na gode.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan magariba

Ban je Nabul ba. Na ba Balgasim makullin mota da akwatunan, ya kalle ni ya ce Allah dai ya sa lafiya. Na haye bayan tsohuwar katangar da ke kallon ramin bakin ruwa, na zauna a cikin ƙaya kamar ɓarawon awaki.

An tashi aiki. Na ga motar Haikal ta fita ta ƙofar gabas da kai biyu a ciki, ɗaya da shuɗin ɗankwali. Na ce za su zagayo ne ta hanyar bakin teku. Na jira har rana ta yi ja. Ramin yana nan a rufe da tamfol, ba wanda ya zo sai wata kyanwa.

Na dawo gida na tarar da takalmin da sabuwar ƙasa, da ɗanyenta. To daga shimfiɗar motarsa take kwasa, shi ke nan. Ina suke zuwa kuwa? Ba zan rubuta wuraren da na lissafa ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Na faɗa.

Muna cin kuskus da kifi, ta ce gishiri ya yi? Na ce ya yi, sai dai ban sani ba ko mai marina ya fi son da yawa. Ta ajiye cokali. Na tashi na ɗauko ledojin na jera mata a kan tebur tsakanin kwanuka, kowace da kwanan watanta. Na yi mata bayani dalla-dalla, muryata ko rawa ba ta yi, kamar ina gaban ɗalibai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta ɗauki leda ɗaya ta ɗaga ta wajen taga ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ka duba ta da madubi?"

Na ce na duba.

"Kuma abin da ka gani ke nan."

Ta wanke kwanukan tas, har da tukunya, sannan ta haɗa 'yar jaka ta tafi gidan yayarta a Manzil Tamim. Takalmin ta saka ta tafi da shi.

Asabar, 5 ga Oktoba, da safe

Ba ta musa ba. A riƙa tunawa da wannan, ba ta musa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ta zo aiki a motar haya, ta shige ɗakin ajiya ta rufe ƙofa. Na wuce ta taga, tana sunkuye a kan madubi da ɗan burushi a hannu. Balgasim ya daina zolayar kowa. A gindin harrub yau ƙarar tauna kawai ake ji.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru, in ga ko zai zauna.

Na jira leburori suka watse, na sauka ramin Haikal da ledojin. Na yi niyyar magana mai nauyi, na shirya ta tun a mota. Abin da ya fito shi ne, "Ga kayanka." Na jefa masa a ƙirji.

Ya tsince su. Ya karanta kwanakin, na ga ya gane, kunnuwansa suka yi ja. Na ce yanzu zai fara rantsuwa. Maimakon haka ya kwance leda ɗaya ya zuba a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, yadda kowannenmu zai yi. Sannan ya kankaro ƙasa daga bangon raminsa ya zuba a ɗaya hannun, ya miƙo mini duka biyun.

Ya ce, "Kai ne malamin ƙasa. Shafen kwamina ruwan toka ne, da garin kasko a ciki. Wannan farin fa?"

Fari ne fat, da ɗan shuɗi-shuɗin bulan da mata ke zubawa a farar ƙasa. Shafen bana ne, ko na bara. Na gan shi tun ranar farko, na ba shi wani suna don ya dace da abin da nake so.

Ya ce in gaya masa inda katantanwar rini da sabon shafe suke haɗuwa a duk yankin nan.

Ban buƙaci tunani ba. Maƙabartar ƙauyenmu a kan tudun katantanwa take, jujin wata tsohuwar marinar da ba a taɓa tonawa ba saboda kaburbura. A can na fara tsintar katantanwa ina yaro, ita ta jawo ni wannan sana'ar. A can na durƙusa a watan Janairu, wannan ƙasar ce ta cika mini farce.

Ya ce Dursaf ce ta roƙe shi ya riƙa kai ta can, tun farkon bazara, don ba ta tuƙi kuma ba ta son 'yan ƙauyen su gan ta tana sauka a tasha su kai wa Ummi. Shi a mota yake zama ya sha taba. Ya ce ya yi ta gaya mata ta faɗa mini, ta ce ta riga ta tambaye ni sau biyu.

"Wallahi, Mundir, wurin Maram kawai nake kai ta."

Na ce wace ce Maram.

Ya juya yana kakkaɓe hannu a wando, ya daɗe yana kakkaɓewa.

Laraba, 9 ga Oktoba, da asuba

Maram.

Laraba, da rana

Ya kamata in ji sanyi. Ba abin da na zata ba ne, ko kuma ba duka ba. Ban tambaye shi ko yana sonta ba, na dai ga kunnuwansa.

Amma da abin da na zata ne ma da na san inda zan ajiye shi. Ana yi, maza suna saki ko su haƙura. Wannan fa? Mutumin da ke yawo da gyale ya san sunan 'yata wata da watanni, yana faɗinsa a saukake kamar sunan 'yar maƙwabta, ni kuwa jiya na ji shi a cikin rami. Ta zauna a kujerarsa ta faɗa masa. Wataƙila ta gaya masa dalilin da ya sa ta zaɓe shi, da ranar da ta zaɓa. Ban taɓa jin kishin wani mahaluki kamar yadda nake jin nasa yau ba, kuma ko yatsanta bai taɓa ba.

Ya aiko Balgasim ya ce mini gobe Alhamis motarsa za ta lalace.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Na riga ta isa. Am Saduk mai gadin maƙabartar yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran tsintsiya. Ya gane ni, ya tambayi Ummi, sannan ya ce ko na zo ganin baiwar Allah mai shuɗin ɗankwali ne, don kowa a nan sha'aninta yake. Bai san matata ba ce, a Tunis aka yi bikinmu.

Ya ce duk Alhamis take zuwa da jarka. Ta tambaye shi ranar farko, ya ce shi ba ya nan a Janairu, yana asibitin ido, kuma jerin jarirai ba suna, ba dutse, ƙananan tudu ne kawai a gefen katanga. To sai ta fara daga farkon jerin, ta zuba wa kowanne ruwa kaɗan, ta cire ciyawa, har ƙarshe. Ya ce, "Iyayen wasunsu ma sun mutu tuni, Si Mundir. Ba a taɓa shayar da jerin nan haka ba, har na'ana'a ta fito."

Ta iso a ƙafa daga bakin titi, jarkar tana dukan gwiwarta. Da ta gan ni ta tsaya. Na je na karɓi jarkar, ba ta ce na gode ba.

Muka bi gefen katangar da aka shafe da farar ƙasa, tana ɓarɓashewa a ƙarƙashin takalmanmu. Ban yi lalube ba. Mutumin da ke auna inda kowane ɓallin kasko ya kwanta ba zai manta wannan ba. Kusa da gindin ɓaure ne, na binne rabin katantanwa a wajen kai ranar, bayan sauran maza sun juya baya. Na tona da yatsa, tana nan.

Dursaf ta daɗe a tsaye. Ta ce wannan kullum sai ruwan ya kusa ƙarewa take isowa gare shi.

Ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu. Ba ta juyo ba ta ce, "Ta yi kuka?"

Na ce a'a. Na ce amma tana da gashi, baƙi, mai yawa, kuma kunnenta irin na Dursaf ne, mai ɗan lanƙwasa a sama. Ban san na riƙe wannan ba sai da na ji shi a bakina.

Ta juye jarkar duka a wurin, har ƙasar ta kasa shanyewa. Sannan ta ce in kira 'yar da sunanta. Na kira. Bakina ne na uku da ya faɗi sunan, kuma na san zan daɗe ina ƙirga wannan.

Ban tambaye ta inda zan kai ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. A mararrabar Manzil Tamim na rage gudu, ba ta ce in juya ba, na miƙe gida.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Ta ja kujerar motar gaba. Shimfiɗar ƙafar duk ƙasa, na bar ta yadda take.